Maganar da Ta Kai Jikata Bida

A bangon rumfar tsakar gidanmu akwai allo. Ba na katako ba ne, siminti ne aka lailaye aka shafe da baƙin fenti. Ɗana ne ya yi shi da hannunsa, wata shekarar da malaman jami'a suka daɗe suna yajin aiki, zaman gida ya ishe shi. Shi ne ɗana na fari, don haka ko a nan ba zan rubuta sunansa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shigar masa magana. In ina nemansa sai in ce "kai", ko in aiki ƙanwarsa. Da ya yi aure ya haihu sai na samu sauƙi, na koma ce masa baban yarinya.

Fiziks yake koyarwa a jami'a. Amma ba irin wanda ake taɓa waya ko inji ba, nasa da alli ake yi, da kuma kai. Maƙwabta sun sha kawo masa fanka ko rediyon da ya lalace, tunda an ce malamin kimiyya ne. Sai ya juya abin a hannu, ya ba su haƙuri, ya kwatanta musu shagon mai gyara a bakin tasha. Wata maƙwabciyata ta taɓa tambayata, to shi me ya iya ke nan? Na ce mata ni ma ban sani ba, amma dai ana ba shi aji.

A lokacin ni kuma na shiga makarantar manya ta yaƙi da jahilci, bayan rasuwar babansu. Da yamma muke zuwa, mu zauna a bencin 'yan firamare, gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Sai ɗana ya ja mini layi a ƙasan allon nan na gida, ya ce daga nan zuwa ƙasa gonata ce, ba mai shiga. Sama lissafinsu, ƙasa kuma ni da ba, bi, bu. Da safe nake rubutuna kafin abokansa su zo. In sun zo sai in ja kujerata gefe ina tsintar shinkafa, kunnena yana wajensu. Wanda ya fi zuwa wani abokinsa ne ɗan Gbagyi daga Paiko, tare suka yi karatu tun sakandare, tare kuma suke koyarwa. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, in ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Mama, ina yaronka, ya tashi ko yana can yana mafarkin lissafi?"

Abin da ya fara jan kunnena sunayen da suke kira ne. Da ina zaton masu zurfin ilimi manyan kalmomi suke yi, irin na likita da ba a iya maimaitawa. Sai na ji ana gardama har da buga allo a kan wani baƙin rami, wai ba shi da gashi. Na ɗauka wani suke zagi. Da suka tafi na ce wa matarsa ta tambayar mini shi, waye haka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna nesa kaɗan da ni ya yi bayani, yana kallon matarsa amma da ni yake. Ya ce akwai taurarin da in wutarsu ta ƙare sai su rufta cikin kansu, su dunƙule, nauyinsu ya kai yadda ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. Shi ne baƙin rami. Batun gashi kuwa, wai duk abin da ramin ya haɗiye, dutse ne ko ƙarfe, daga waje ba a gane bambanci, kamar yaran da aka yi wa aski ƙwal-kwabo ka hango su ta ƙeya. Wanda ya faɗa ciki kuma, ƙafarsa za ta fi kansa jin ja, sai ya miƙe ya sirance, wannan sunansa zama taliya. Washegari da gangan matarsa ta dafa musu taliya da manja, ta ajiye a gaban allo ta ce ga 'yan'uwansu nan sun dawo daga rami.

Akwai ramin tsutsa, wai gajeriyar hanya ce tsakanin wurare biyu masu nisa a sama, yadda tsutsa ke huda gwaiba ta ɓulla ɗaya gefen ba ta zagaya ba. Akwai kumfa, wai ta yiwu duk duniyarmu da taurarinta ɗaya ce cikin masu yawa, kamar kumfar sabulu a bakin baho. Na tambaya ko su suke ƙirƙirar sunayen nan. Ya ce yawanci manyan malaman duniya ne suka raɗa su, su dai sun mayar da Hausa ne; in abu ya fi ƙarfin mutane sai su ba shi sunan wasa don su iya zama da shi. Ya ce baƙin rami kam an ga alamarsa. Ramin tsutsa da kumfa kuwa ba wanda ya taɓa gani, lissafi ne kawai bai hana su ba. Sau ɗaya na ce masa ya dai kula da imaninsa. Ya ce, "Inna, Allah ne Ya yi abinSa. Mu leƙe kawai muke yi." Ban sake tayar da maganar ba, don ban taɓa ganin alli ya hana shi tashi in an kira salla ba.

Da na daɗe ina sauraro sai na gane aikin nasu ƙa'ida biyu gare shi. Ta farko, kowace magana da "a ce" take farawa. A ce mutum yana gudu kusa da gudun haske. A ce babu komai a duniya sai ƙwayoyi biyu. Sai su gina gida guda a kan wannan "a ce" ɗin, da la'asar su goge. Matarsa ce ta raɗa musu 'yan a-ce. Takan tsaya da bokiti ta ce, a ce an kawo wuta, a ce famfo ya zo da ruwa, a ce kuma malamai biyu sun tashi sun kama mini jarkar nan. Su tashi suna dariya su kama. Ƙa'ida ta biyu, ba a barin magana ta wuce ba a ce "wa ya tabbatar?" ba. Ko da babba ne ya faɗa. Na taɓa yi wa abokin nasa faɗa a kan haka, na ce ba ka barin mutum ya ƙarasa. Ya ce, "Mama, in ya faɗi abin da ba hujja na yi shiru, na raina shi ke nan. A wajenmu gardama ce gaisuwa."

Matar tasa 'yar mutanen Bida ce. Mahaifiyarta tana can, ita kuma a nan Minna ta tashi a gidan kawunta, mai sayar da tukwane da kayan tagulla a kasuwa. Malamar firamare ce, mai saurin hannu da saurin baki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da aka zo yaye 'yarsu ɗakina aka kawo ta, kamar yadda ake yi, sai yarinya ta ƙi komawa. A bayana take barci, a kwanona take ci. Ni nake mata kitso tana zagina, tana ce mini tsohuwa mai hannun ƙarfe, ni kuma in ce mata ƙawata mai kan kwakwa.

Cikin duk sunayen nan akwai guda ɗaya da su suka raɗa da kansu a rumfarmu, shi ne layin dogo. Gidanmu a bayan tasha yake. Kakan 'ya'yana aikin reluwe ne ya kawo shi garin nan, babansu ma a nan ya tsufa yana juya wa jirgi layi. To akwai wani tunani a ilminsu game da lokaci, da suka rasa sunan da za su ba shi sai suka ɗauko na gida. Ɗana ya ce mini mu muna ganin jiya ta ɓace, gobe ba ta zo ba, yau ce kawai take nan. Amma lissafinsu ya nuna babu wani "yanzu" guda ɗaya da ya game duniya duka. Abin da yake yanzu a wajen wani, a wajen wani mai nisa mai gudu ya riga ya faru ko bai zo ba. Wannan ɓangaren, in ji shi, an gwada an gani. Daga nan ne wasu suka ce, a ce lokaci kamar layin dogo yake, a shimfiɗe tun daga farko har ƙarshe. In jirgi ya bar Zungeru ya iso Minna, Zungeru ba ta ɓace ba, tana nan da masu tallanta, fasinja ne ya matsa. A ce jiya ma haka take. Na ce to a koma mana. Ya ce a'a, jirgin ba ya baya, kuma wannan ɗin "a ce" ne, ba wanda ya tabbatar. Matarsa ta ce in haka ne tuwon jiya yana nan, sai su je can su ci, ta huta da tuƙi.

Ciki na biyu ne ya tafi da ita. Ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau, aka kwantar da ita, aka yi iya abin da za a yi. Ita da abin da ke cikinta ba wanda ya tashi. Ba zan tsawaita a nan ba, hannuna ba ya so.

Ɗana ya yi duk abin da ake yi. Ya ɗauki makara, ya shiga kabari da kansa, ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Bai yi kuka a gaban mutane ba, bai fasa salla ba. Abu ɗaya ne ya fita daga bakinsa. Matar kawun marigayiya ta tare shi a tsakar gida tana kuka, ta ce sai haƙuri, ta tafi ke nan, ba ta ba dawowa. Sai ya ce mata a hankali, yana kallon igiyar shanya, "Tana nan a safiyar Laraba, tana shanya kayan yarinya. Mu ne muka matsa." Matar ta dube shi, ta dube ni, ta ja mayafinta. Na san maganar nan ba a gidanmu za ta kwana ba.

Ya koma aiki. Yana dawowa sai allo. Ya goge komai, ya ja dogon layi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, yana cika sama da ƙasansa da lissafi. Gonata kaɗai ya bari. Ɗakinta kuma ya ce a ɗan dakata da taɓa shi, ba wai ya hana ba. Abokinsa na Paiko ya zo wata Asabar, suka tsaya a gaban allon kamar da. Na ji ya ce, wa ya tabbatar? Ɗana ya ce, wa ya ƙaryata? Suka yi ta yi, amma babu dariya a ciki. Da abokin zai tafi ya durƙusa kusa da ni ya rage murya. Ya ce lissafin ba kuskure, ya duba, kan yaron ƙalau yake, ajinsa ma ba wanda ya yi ƙorafi. Sannan ya ce, "Amma Mama, ya daina cewa a ce."

Na riga shi lura. Ban dai faɗa wa kowa ba.

Abin da ke cina a rai a kwanakin nan yarinya ce. Na sani tun a islamiyya cewa in uwa ta rasu, uwar uwa ce ta fi cancanta da riƙon yaro, kafin uwar uba. Haƙƙinsu ne, ba wanda zai ce sun yi zalunci. Amma ranar sadakar uku kakarta ta Bida ta ga yadda yarinyar ke maƙale da zanina, ta kama hannuna ta ce ba za ta raba mu ba, ita ma ƙafa ta fara ba ta wahala, a dai riƙa kai mata ita hutu. Da wannan maganar nake kwana nake tashi. Ɗa ya zama abin da ya zama, suruka ta tafi, yarinyar nan ce kaɗai ke sa in hura wuta da safe.

Bayan sadakar arba'in dangin marigayiya suka aiko za su zo a yi maganar kayan ɗaki da ta yarinya. Kafin ranar na yi abin da ban saba ba, na tsaya a bakin rumfa na yi masa magana kai tsaye. Na ce, baban yarinya, in sun zo, abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa. Ya ce to, Inna. Na ce allon nan ma da ka goge shi. Ya ce to. Da safe na ga ya rataya tabarma a kai, bai goge ba.

Bayan azahar suka iso, kakar da kawun. A namu ɓangaren ƙanen mijina ne ya zo, shi ne uba yanzu, shi ya kamata ya yi magana a madadinmu. Aka shimfiɗa wa maza tabarma a rumfa, mu mata muka zauna a bakin ƙofar ɗakina, muna jin juna. Yarinya na tura ta maƙwabta. Aka yi addu'a, aka sha ruwa. Maganar kaya ba ta ɗauki lokaci ba, ɗana ya ce duk ranar da suka ga dama a zo a raba yadda shari'a ta ce. Na ji kawun ya saki numfashi. Dattijo ne mai sanyin hali, irin 'yan kasuwar da ba sa ɗaga murya ko ana cikin zafin ciniki. Ya gyara zama ya ce akwai 'yar maganar da ta iso kunnensu, ba su yarda da ita ba, amma gara a ji daga bakin mai ita. An ce ɗana ya ce 'yarsu ba ta rasu ba.

Ɗana ya ce, "Kawu, da hannuna na sa ta a kabari. Ta rasu. Ban taɓa musun wannan ba."

Kakar ta matsa hannuna. Ƙanen mijina ya ce alhamdulillahi, kun ji ko, zafin rashi ne, kowa da yadda yake fitar masa. Kawun ya yi murmushi, ya ce shi ma ya faɗa musu, malami guda ba zai yi wannan maganar ba. Har ya ɗaga hannu za a shafa fatiha. Sai ya ƙara da 'yar maganar da kowa ke yi don a rufe zama. Ya ce, to shi ke nan ɗana, sai a fuskanci gaba, jiya ta wuce, babu ita kuma.

Na ga bakin ɗana ya motsa. Na ga ya danne. Wallahi ya danne, na gani da idona, har ya sunkuyar da kai. Amma shekara da shekaru an horar da shi a kan cewa in ka bar maganar mutum ta wuce ba hujja ka raina shi, kuma wannan ita ce magana ɗaya a duniya da ba zai iya bari ta wuce ba. Ya ɗago ya ce, cikin ladabi, "Wannan ɗin kam, Kawu, ba a tabbatar ba."

Kawun ya ce, me?

Ɗana ya ce batun cewa babu jiya. Ya ce ta rasu, gaskiya ne, amma ranakun da ta yi ba wanda ya nuna sun ɓace. Ya fara kawo Zungeru da Minna. Ƙanen mijina ya yi gyaran murya, ɗana bai ji ba. Ya miƙe ya yaye tabarmar nan, ga dogon layi, ga rubutu ya cika bango kamar tururuwa. Ya sa yatsa a wani wuri ya ce nan ne safiyar Laraba, ya matsar da yatsa ya ce nan ne mu. Muryarsa ba ta rawa, fuskarsa har wani haske ta yi, irin wanda rabona da gani tun tana da rai. Da a aji ne da an ce malam ya iya bayani. Dattawan nan biyu suna zaune da carbi a hannu suna kallonsa, ba wanda ya katse shi.

Ni kaɗai ce a wurin na san daga ina maganar ta fito. Na san rumfar nan, na san taliya da kumfa da ramin tsutsa, na san an yi dariya a kan layin dogon nan da ita kanta marigayiyar. Ƙanen mijina bai san ko ɗaya ba, balle ya kare shi. Sai na ji muryata ta fita. Na ce, ku yi haƙuri, aikinsu ne haka, a ce ne kawai, wasan malamai ne, komai nasu suna ba shi suna, har wani rami gare su marar gashi. Na ji yadda maganar ta faɗi a tsakar gidan, ta fi tasa muni. Shi kuma bai tsaya ba. Sai na kira shi. Da sunansa na kira shi, sunan da rabona da shi tun ranar da aka raɗa, na ce ya zauna.

Ya juyo kamar an watsa masa ruwa. Ya zauna.

 Mutanen Bida ne, amma sun daɗe da mu, sun san abin da ake nufi in uwa ta kama sunan ɗan farinta a gaban surukai. Kakar ba ta saki hannuna ba. Ta sunkuyo ta ce mini a hankali, yadda maza ba za su ji ba, "Yaya, ke ma kin tsorata."

Da na ce a'a, da ƙila ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Amma ban iya ba. 

Ba su yi faɗa ba, ba su ce mahaukaci ne ba. Kawun ya ce Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya masa. Ya ce yarinya za ta ɗan je wajen kakarta ta sha iska, kafin babanta ya samu sauƙi, gida ɗaya ne ai. Ƙanen mijina ya ce haka ne, haƙƙinsu ne. Ni na haɗa mata kaya. Na yi mata sabon kitso, ranar ba ta zage ni ba, murna take za ta shiga mota. Babanta ya raka su har bakin titi yana riƙe da jakarta, ya dawo ya mayar da tabarmar kan allo, ya shiga ɗaki.

Damina biyu ke nan. An sa ta makaranta a can. Ina zuwa in ƙafa da hanya sun bari, wanda ya san hanyar Bida ya san ba kullum ba ne. Suna karɓata da mutunci, a yanka mini kaza, a ba ni ɗaki. Yarinya ta yi tsawo, Nufanci ya fi Hausa sauri a bakinta yanzu. Ana kula da ita, ba ni da abin cewa a kan wannan. Duk zuwan da na yi nakan tambaya ko za a ba ni ita ko da hutun Sallah ne. Amsar ɗaya ce, cikin taushi: in babanta ya samu sauƙi.

Na rasa wane sauƙi za a kai musu. Ƙanen mijina ya kai ɗana wajen likita, likita ya zauna da shi ya ce baƙin ciki ne, ban da shi bai ga komai ba. An yi masa rubutu ya sha bai musa ba. Yana zuwa aiki, an ma ƙara masa girma. Yana aika wa 'yarsa kaya, yana kiranta a waya, yakan je ya gan ta, su zauna a zauren kawunanta da wani babba a gefe. Abokinsa na Paiko ya je Bida da kansa ya yi musu bayani cewa tunanin nan ba ɗana ya ƙirƙira ba, akwai manyan malamai da ke ganin haka, akwai masu musu. Suka saurare shi, suka ba shi abinci. Da ya fito ya ce mini, "Mama, na ƙara ɓata abin. Yanzu suna ganin mu biyu ne."

Kawun ne ya faɗa mini abin da suke jira, wata rana da na biya ta rumfarsa a kasuwa. Ya ce ba su son komai, ba takardar likita ba, ba rantsuwa ba. Ɗana kawai ya je ya zauna a gaban kakar ya ce waccan maganar zafin rashi ne, ya bar ta, jiya ta wuce. Ya ce in ya faɗi haka, a ranar za a haɗa wa yarinya kaya.

Na dawo gida da saurina, har na manta cefanen da na je yi. Na sami ɗana a rumfa yana duba takardun ɗalibai. Na zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba. Na faɗa masa. Na ce magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Na ce ba sai ka goge allonka ba, ba sai ka daina tunaninka ba, ka faɗa musu kawai. Na ce na tsufa, ɗakin nan ya yi mini faɗi.

Ya sunkuyar da kai kan takardun. Na ga hawaye ya sauka a kan takardar wani ɗalibi, ya sa hannun riga ya goge a hankali don kada tawada ta ɓaci. Sannan ya ce ya sha gwadawa shi kaɗai, a mota, a hanyar aiki, ya ga ko bakinsa zai iya. Ya ce ba gardama ba ce. Ya ce in ya faɗa, to ya yarda ke nan babu inda take tsaye tana shanya, babu inda take dariya, ko'ina babu.

"Inna, ki ba ni lokaci," in ji shi.

Na ce to. Me zan ce? Na tashi na ɗora ruwan tuwo, na auna gari na mutum biyu.